Garin kifi mai kashi 72: na 'ya'yan tarwada ne, ba na kajin ƙwai ba

A shagunan kayan haɗa abincin dabbobi garin kifi iri biyu ne: na waje mai furotin kashi 72, da na gida da ake cewa kashi 65. Na wajen kaya ne mai kyau. Launinsa ruwan ƙasa, ga laushi, ƙarninsa kuma na busasshen kifi ne tsantsa.

Tsada ce matsalarsa, kuma da dalili. Sai an sarrafa kilo 4 zuwa 5 na ƙananan kifayen teku kafin a samu kilo ɗaya. A shekarun 1960 kaji da aladu ne ke cinye kusan duka, yau kuwa masu kiwon kifi ke kwashe kaso mafi tsoka. Da Peru, babbar ƙasa mai samar da garin kifi, ta soke zangon farko na kamun kifinta a 2023 saboda ɗumamar ruwan teku, farashi ya tashi ko'ina. Abin takaici, a Muritaniya da Senegal da Gambiya kifin da talaka ke miya da shi ake niƙawa.

Don haka a sa shi inda ba shi da madadi. 'Ya'yan tarwada na buƙatar furotin kashi 40 zuwa 45, cikinsu bai iya narkar da waken suya da yawa ba, nan kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. 'Yan tsaki kilo 2 zuwa 3 cikin kilo 100 ya ishe su. Kajin ƙwai kam asara ce: waken suya da ƙuli-ƙuli da ɗan lysine da methionine (sinadaran gina jiki da ake ƙarawa a abincin kaji) sun wadatar, in ma garin kifin ya wuce kashi 5 na abincin ƙwan kan yi ƙarni.

Na gida shi ne sai an yi hattara, domin akan cakuɗa shi da yashi, gishiri, garin gashin kaza ko takin yuriya. Yuriya na ɗaga lambar furotin a gwaji, amma kaza da kifi ba sa amfana da ita. Don gwada garin, zuba cokali biyu a kofin gilashi da ruwa, ka motsa: yashi zai kwanta a ƙasa. Damƙi ka matse. In ya dunƙule, akwai danshi, fumfuna na tafe. Warin fitsari alamar ruɓa ce ko yuriya. Wanda ya yi baƙi-baƙi kuwa wuta ta ci shi wajen busarwa, irinsa ne ke cinye ƙundun kaji har su riƙa aman baƙi.