Hoton zuciyar Inna a wani asibitin kuɗi a Sakkwato

Inna ta dawo daga Indiya da sabon bawul a zuciya, wato marfin da ke hana jini komawa baya, wanda likitoci ke kira mitiral. Wannan karon ba a tsaga mata ƙirji ba. Ta jijiyar cinya aka zura siririn bututu, aka dasa sabon a cikin tsohon da ya lalace. Wata biyu lafiya lau. Zafin Afrilu na kankama sai jiri, daga ɗaki zuwa bayi sai ta dafa bango tana haki. Wani mai kemis ya ga ƙafarta ta ɗan kumbura, ya ce a ƙara Lasix, maganin sa fitsari. Abin ya ƙara gaba.

Abin da ya kai mu wannan asibiti ke nan. Ƙarfe 9 suka ce mu zo, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, ga benci mai tauri, ga fanka ɗaya tal. Kuɗin hoton ma ba wasa ba.

Amma likitan ya wanke musu laifi. Takardun Indiya duka ya karanta, har da hoton CT da babu wanda ya taɓa tambayarmu. Ya daɗe yana ɗaukar eko, wato hoton zuciya, sannan ya juyo mana da allon.

"Inna, ga ƙofar da jini ke fita zuwa jiki. Sabon bawul ya tura ganyen tsohon gefe, hanyar ta matse. In ruwan jikinki ya ragu, ko zuciya ta yi gudu, matsin ya ƙaru."

Ashe maganin fitsarin nan ne ke ƙarar da ita, a garin da zafi ke haura 40. Ya rage shi, ya rubuta bisoprolol don zuciya ta yi a hankali ta samu cika, ya ce mu riƙa rubuta awon jininta safe da yamma.

Ya ce in maganin bai wadatar ba, akwai aikin da ake zuba barasa zalla a ƙaramar jijiyar bangon tsakiyar zuciya, wurin ya motse, hanya ta buɗe. Ya ce a asibitinsu ba a yin aikin, kuma wani lokaci bayan an yi shi sai an sa na'urar daidaita bugun zuciya.

"Barasa, ɗana? A zuciyata?" in ji Inna.

"Magani ne, Inna, ba sha za ki yi ba."

Yau kwana 12, da kanta take zuwa alwala. Ranar Talata za mu koma, da mafici da gorar ruwa.