Hattara da masu sayar da "maganin koɗewar roba" na mota

Jama'a masu mota, musamman masu Vibe da Golf da CR-V da Hilux da duk motar da ke da baƙar roba a bamba, gefen ƙofa, bakin taya ko jikin madubi, akwai wata damfara da ta yi kasuwa, kuma da ku aka fi cin ta. Wata 'yar kwalba ce ake yawo da ita, wani ya ce mata "nano", wani ya ce "siramik", wani kuma ya ce daga Jamus aka kawo ta. Alkawarin dai ɗaya ne: shafa ɗaya robar da ta koɗe za ta koma baƙa wuluk, ta zauna haka shekara biyar, wasu ma har abada suke cewa. Ana tallar ta a bakin danja da gidajen mai da wuraren wankin mota, ana kuma tallar ta a Facebook da TikTok.

Abin da ya sa mutane ke faɗawa shi ne, a gaban idonka ake gwadawa, kuma gwajin ba ya taɓa faɗuwa. Yaro zai matso ya ce, "Alhaji, ba sai ka saya ba, bari kawai ka gani." Kafin ka amsa ya dangwala soso ya goga a rabin bamba. Nan take rabi ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, rabi yana nan toka-toka. Yanzu ko ka saya a ƙarasa maka, ko ka tafi da bamba mai kala biyu. Da gangan suke yin rabin.

To ka gwada wannan a gida: jiƙa yatsa da ruwan famfo ka shafa a robar da ta koɗe. Za ta yi baƙi har sai ruwan ya bushe. Man gyaɗa zai yi haka, basilin zai yi haka, kananzir ma haka. Duk wani abu mai danshi ko maiƙo yana mayar da koɗaɗɗiyar roba baƙa na ɗan lokaci, don haka baƙin da ka gani a minti na farko ba shaidar komai ba ne.

Ga dalilin. Yawancin robar wajen mota da wani nau'i ake yin ta mai suna polifirofilin, a gauraya da garin baƙin kabon, ba a yi mata fenti. Baƙin yana cikin jikinta gaba ɗaya, ba a sama kawai ba. Akwai wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, shi ne ke haɗuwa da iska yana cin fatar saman robar a hankali, ta yi ƙanana-ƙananan tsagu da ba a gani, ta yi gautsi. Wannan fatar da ta lalace ita ke warwatsa haske, ido ya ga toka-toka. In ka zuba mai ya cike tsagun, hasken ya daina warwatsuwa, sai baƙin da ke ƙasa ya bayyana. Ba abin da aka gyara. Ranar da man ya tafi, tokar na nan inda aka bar ta. A ƙasa irin tamu da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga mota tana wuni a rana, ga wanki da omo kusan kullum, man ba ya daɗewa. Wanki biyu ko uku, ko ruwan sama guda mai ƙarfi, an gama.

Da a ce asarar kuɗin kwalbar ce kawai, da da sauƙi. Matsalar ita ce abin da ke ciki. Mai ɗan tsoron Allah a cikinsu man silikon yake tsinkawa, irin wanda ake fesa wa taya, ya canja masa kwalba ya ninka kuɗi. Marasa tsoron kuwa baƙin mai suke tacewa, wanda aka juye daga inji, su ɗiga masa turare don ɓoye wari. Wasu suna haɗawa da man gas ko kananzir don ya yi saurin bin roba, wasu har man birki suke sawa. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muni, domin man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana cin fenti. In ya gangaro daga madubi zuwa jikin ƙofa aka bar shi, zai bar tabo, in ya jima fentin ya kumbura ya ɓare. Man fetur da danginsa kuma ba sa shiri da robar da ke zagaye da ƙofa da gilashi, wadda ke hana ruwa da ƙura shiga: tana kumbura, ta yi laushi, ta saki. In an shafa a robar da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan farko zai watsa maiƙon a gilashi, waifa ta yi ta dama shi, da dare fitilar mai tahowa ta rufe maka ido. A lokacin hunturu kuwa ƙura ce za ta manne, baƙar bamba ta koma jar ƙasa cikin kwana ɗaya. Baƙin man inji ba abin wasa da shi a fata ba ne ma, balle a bar yaro ya yi ta shafa shi da hannu.

Akwai kuma masu zuwa da wuta. Ba kwalba suke sayarwa ba, aiki suke sayarwa: su kunna bindigar zafi ko wutar gas su bi jikin bamba, robar ta yi baƙi ana kallo. Wannan ya fi mai daɗewa, gaskiya ne, domin narkar da fatar saman ake yi. Amma yana fitowa dabbare-dabbare in hannu bai daidaita ba, yana shafe ɗan zanen da ke jikin robar, kuma duk zagaye ɗaya ƙara mata gautsi yake yi har ta fara tsagewa. Ga fenti da fitila da wayoyi a kusa. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a kusanto da harshen wuta jikin mota don kwalliya ba.

Na intanet sun fi waɗannan iya shege. Bidiyon da suke sawa sau da yawa ba nasu ba ne, na wani kamfanin waje ne suka yanke suka ɗora murya da lambar waya. Duba lambar motar da ke ciki da irin gidajen da ke bayanta. Sai su ce saura kwalba kaɗan, ragin na yau ne kawai, tura kuɗi a sa maka a mota daga Legas. In ka tura, ko dai a toshe ka, ko a ce ka ƙara kuɗin direba, ko kuma wani abu ya iso wanda bai yi kama da na bidiyo ba. Alamominsu ba sa ɓuya: ba su da shago, sunan asusun banki daban da sunan shafi, sun rufe wurin sharhi ko sun goge duk wanda ya yi ƙorafi, kuma ba za su taɓa nuna maka motar bayan wata uku ba. Wasu kuma kwalaben kamfanonin kirki suke tsinta su sake cikawa. In murfi ya taɓa buɗuwa, ko rubutu yana gogewa da yatsa, ko farashi ya yi arahar da hankali ba zai ɗauka ba, ajiye masa kayansa.

Masu sayen mota ma ku lura. Wasu dillalai da wannan maiƙon suke yi wa tsohuwar mota wanka kafin a zo gani, don ta yi kamar yanzu ta sauka daga Kwatano. Goga farin tsumma a bamba. In ya fito da maiƙo, ka san an yi mata kwalliya, sai ka ƙara buɗe ido a sauran wuraren.

Gwajin da ke tona musu asiri ba shi da wuya. Ka ce a shafa a ɗan wuri ɓoyayye, ba a tsakiyar bamba ba. Shinshina kwalbar: warin gas, kananzir ko ƙonannen mai ya ishe ka amsa. Bari ya sha iska, sannan ka goga farin tsumma, ka kuma wanke wurin da ruwan omo ka jira ya bushe sarai. Mai jabu ba ya tsayawa wannan, zai ce sauri yake yi.

Ba wai babu abin kirki ba ne. Akwai, kuma kowanne da iyakarsa. Masu kare roba daga rana irin 303 Protectant sai an riƙa sake shafawa bayan 'yan makonni, kuma kamfanin bai ɓoye hakan ba. Akwai masu rini a ciki irin Solution Finish, da ke mayar da baƙin kabon cikin fatar robar, suna kai watanni. Akwai na siramik na gaske irin C4 na kamfanin Gtechniq na Ingila da kuma Cerakote, waɗanda ke bushewa su yi tauri, ba sa barin maiƙo. Shi C4 ɗin, abin da kamfaninsa ya yi alkawari bai wuce shekara 2 ba, sai ga mai kwalba a bakin danja yana rantsuwa a kan biyar. Duk wanda za ka yi amfani da shi, rabin aikin a wanki yake: a cuɗa robar da sabulu da buroshi, a bari ta bushe ƙayau, a goge da sifirit don cire tsohon mai, a yi aikin a inuwa, a kuma hana ruwa taɓa wurin na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwali. Ka saya a shagon da za ka iya komawa gobe, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja, ka karɓi rasit.

Robar da ta riga ta yi fari fat tana gari a hannu, fenti ne maganinta, na roba, tare da sinadarin da ke sa shi kamawa, domin polifirofilin ba ya riƙe fenti haka kawai. Ka gaya wa mai fenti gaskiya in an taɓa shafa mata silikon, don ragowarsa yana sa sabon fenti ya yi ramuka ya ƙi kwanciya. Bayan haka, inuwa ko rigar mota, da daina wanke ta da omo, sun fi kowace kwalba tsawaita baƙin.

Wanda ya riga ya tura kuɗi aka toshe shi, kada ya goge hirar. Ya ɗauki hoton shafin da saƙonnin da shaidar turawa, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin da zarar an kwashe kuɗin daga asusun, dawo da su yana wuya. Ya kai rahoton shafin ga Facebook ko TikTok, ya kuma kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, in kuma jabun kaya aka ba shi, ya haɗa da hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Wanda aka shafa wa abin a mota kuma yana zargin akwai man birki a ciki, ya wanke wurin yau da ruwa mai yawa da sabulu, ya bi duk inda ya gangara a jikin fenti da robar ƙofa.