Senti biyar masu azurfa: abin da na tarar a ƙunshin da na saya

Tun ina yaro nake da cutar tara tsofaffin sulalla, da na zo Amurka kuma sai ta koma kan senti biyar na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Watan jiya na sayi ƙunshi guda, ƙwaya 40, a hannun wani dillali ta intanet.

Ina zazzage su a kan tebur gabana ya faɗi. Duk sun dafe, wasu har da kore-kore, kamar an tsamo su daga kwata. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ce azurfar taka?" Ita ce kuwa. Daga 1942 zuwa 1945 an janye ƙarfen nikel daga kuɗin saboda ƙera kayan yaƙi, aka haɗa tagulla kashi 56, azurfa 35, manganis 9, kuma wannan haɗin ne ke sa su baƙi idan sun sha hannu. Ta kawo toka za ta goge min, na ce a'a, gogewa karya musu daraja take yi.

Inda dillalin ya ɓata min rai shi ne wajen tantancewa. Mai azurfa ana gane shi da babban harafi, P ko D ko S, alamar garin da aka buga shi, a baya, saman kubbar hoton Monticello, gidan tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, sai ga uku na 1942 wayam, babu harafi a wurin. A shekarar an buga iri biyu, waɗannan tsohon haɗin nikel ne, ko ɗigon azurfa babu. Sai da na aika hoto sau biyu kafin ya mayar min da kuɗinsu.

Lissafin darajar ba wuya. Kowanne giram 5 ne, azurfar ciki giram 1.75, wato 37 ɗina sun ba ni kusan giram 65. Sai dai masu saye kan taya ƙasa da farashin azurfar, don tace ta daga manganis wahala ce. Mai neman riba ya nemi wani abin.

Ni dai jerin nake son cikawa, kala 11 ne idan aka haɗa shekaru da haruffa, kuma ƙunshin ya ba ni tara. Na 1943 mai D, wanda aka fi buga shi kaɗan, bai fito ba. Matakalar Monticello kuwa, wadda masu tarawa ke biyan kuɗi mai tsoka idan ta fito sarai, a nawa duk ta shafe sumul.