TestDisk ya dawo mini da filashin da na fara fidda rai da shi

Filashin nan mai gigabait 32 ya shekara huɗu a hannuna bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Akwai takardun aiki a ciki, amma abin da ya fi komai daraja a wurina wata folda ce mai ɗauke da muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, hirarrakin da na naɗa a shekararsa ta ƙarshe. Ba ni da su a ko'ina sai nan. Wata rana ina tura fayil ciki, sauri ya sa na zare shi bai gama ba. Washegari na soka shi, na ji ƙarar da Windows ke yi idan an jona wani abu, amma da na buɗe File Explorer babu shi babu alamarsa. Gabana ya faɗi.

Na sauya ramin USB, na kashe kwamfutar na kunna, na gwada a ta wani abokin aiki, duk shiru. Waɗannan ba ɓata lokaci ba ne, domin sau da yawa laifin na rami ne, ko na ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, to idan aka raba wa na'urori da yawa sai wutar ta gaza. Nawa dai ba nan matsalar take ba.

Inda na fara ganin haske shi ne Disk Management, wanda ake samu idan aka danna maɓallin Windows tare da X. Ga filashina nan a jere, girmansa gigabait 29 da ɗoriya, sai dai ba shi da harafi irin su E ko F, kuma inda ya kamata a rubuta FAT32, wato sunan tsarin da aka jera fayilolinsa da shi, an rubuta RAW. Da na ba shi harafi, nan take saƙo ya fito cewa sai na yi masa fomat kafin in iya amfani da shi. Saura ƙiris in danna. Don Allah duk wanda ya tsinci kansa a nan ya janye hannunsa. Fomat na gaggawa yana shimfiɗa sabon tsari fanko a kan tsohon, cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa a kan komai, kuma bayansa babu manhajar da za ta dawo da ko harafi ɗaya.

RAW ba ya nufin kayanka sun tafi. Yana nufin Windows ta kasa karanta ɗan sashen farko na filashin, wanda ke gaya mata da wane tsari aka jera abubuwa da inda jerin ya fara. Kayan suna ɗaki, makulli ne ya ɓata.

A nan TestDisk ya shigo, manhaja ce ta ceto bayanai daga faifai ko filashin da ya ƙi buɗewa. Wani Bafaranshe ne mai suna Christophe Grenier ya rubuta shi, kyauta ne a ƙarƙashin lasisin GPL, yana aiki a Windows da Linux da macOS. Na sauke 7.2, wanda ya fito a 2024. Ba a girka shi, buɗe folda kawai za ka yi ka kunna shi da izinin mai kula da kwamfuta.

Gaskiya ganin farko bai kwantar mini da hankali ba. Baƙin allo ne da farin rubutu, babu linzami, sai kibiyoyin madannai da Enter. Kalmomin da ke ciki na masana ne, kuma ba ya tsayawa ya yi maka bayani. Wanda bai saba ba zai iya zaɓar faifan kwamfutarsa a maimakon filashin, kuma wannan kuskure ne mai tsada. Ni girman na duba sau uku kafin in ci gaba.

Abin da ya fi burge ni, ba ya rubuta komai a kan filashin sai ka ba shi umarni ka kuma tabbatar. A cikin Advanced akwai Image Creation, wanda ke kwafe abin da ke cikin filashin gaba ɗaya zuwa fayil guda mai suna image.dd a kan kwamfuta. Da shi na fara. Ya ɗauki lokaci, amma da ya gama sai na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina, don ko na yi ɓarna daga baya, ga kwafi nan a ajiye.

Sannan na shiga Boot. Ya nuna sashen farko ya lalace, amma na ajiya lafiyarsa lau. Ban taɓa sanin haka ba: FAT32 yana ɓoye kwafin wannan sashe a sashe na 6, saboda rana irin wannan. Na zaɓi Backup BS, wanda ke ɗora kwafin ajiyar a kan wanda ya lalace, ya tambaye ni ko na tabbata, na danna Y. Na cire filashin yadda ya kamata, na mayar. Foldodina suka fito da sunayensu, kowace a mazauninta. Fayil ɗaya ne ya ƙi buɗewa, wanda nake turawa ranar da na zare shi. Na buɗe foldar Baba na kunna hirar farko, na ji yana gyara murya kamar yadda ya saba kafin ya fara magana. Na daɗe a zaune ban taɓa komai ba.

Akwai ƙaninsa PhotoRec da ke zuwa a folda ɗaya da shi. Na gwada shi a kan kwafin don in ga aikinsa. Shi ba ruwansa da tsarin filashi, bin sassan yake ɗaya bayan ɗaya yana gane fayil daga alamar da ke farkonsa, kuma ya san ɗaruruwan iri. Ya tono har hotunan da na goge shekaru biyu baya. Sai dai sunaye ba sa dawowa, harafin f da dogayen lambobi za ka tarar a cikin foldodi masu suna recup_dir, kuma tantance su aiki ne na kwanaki. A ganina sai TestDisk ya gaza ake komawa gare shi, kuma kada a ajiye abin da ya tono a kan filashin da ake ceto.

Bayan mako biyu wata ƴar'uwata ta kawo nata, ta ji labarin nawa. Na soka shi da ƙwarin gwiwa, sai Disk Management ya nuna No Media, girma babu. TestDisk bai ma lissafa shi ba. Wannan alama ce ta cewa ƴar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa filashin, ko ma'ajiyar kanta, ta daina amsawa, kuma manhaja ba ta gyara abin da kwamfuta ba ta iya karantawa. Sai masu kayan aikin da ke ciro ma'ajiyar su karanta ta kai tsaye. Na gaya mata gaskiya, na kuma roƙe ta ta daina soka shi a kowace kwamfuta har ta yanke shawarar ko hotunan da ke ciki sun kai a nemi irin waɗannan masu gyara.