Kafin ki sayo buhun ɗanyar masara: firij ko firiza?

Duk shekara da Agusta ta shigo ɗanyar masara ta cika kasuwa, sai in ji mata na tambaya wai ya za a yi a ajiye ta har bayan damina. Toh 'yar uwa amsar tana wajen wutar unguwarku, da irin na'urar da kike da ita ko kike shirin saya.

Masara dai daga lokacin da aka karyo ta a gona zaƙinta yake fara komawa sitaci, musamman mai zaƙin nan da ake zubawa a salak da soyayyiyar shinkafa, ita kam in ta wuni ta kwana a cikin zafi tana iya rasa kusan rabin zaƙinta. Shi ya sa wajen saye ki duba ɓawon ya zama kore shar, gemun bai bushe ƙayau ba, ki ɗan danna ƙwaya ɗaya da farce, in ruwa kamar madara ya fito ki ɗauka, in ta lotsa ki bar wa mai ita kayansa komin arha.

Firij na wadda za ta ci nan kusa ne. Ki sa ta da ɓawonta a leda, kar ki wanke, sanyin ya kai kamar digiri 4, kwana biyu zuwa uku ki dafa ko ki gasa. Bayan nan ba wai ta ruɓe ba ne, sai dai kina taunawa kina jin kamar dusa. Kuma in an ɗauke wuta awa 4 kawai firij ke riƙe sanyi, ko da ba a buɗe shi ba.

Firiza ce ta ajiyar gaske, a digiri 18 ƙasa da sifili masara tana kai wata 8 zuwa 12. Amma sai kin ɗan wahala, ki ɓare ki cire gemun tas, ki jefa a ruwan da ke tafasa minti 4, ki tsame ki zuba a ruwan ƙanƙara ta huce, sannan ki yanke ƙwayar da wuƙa ki ƙulla a leda daidai girki ɗaya ɗaya, ki matse iskar. In da totuwarta kike so, minti 7 ga ƙanana, 9 matsakaita, 11 manya. Ni dai ban cika son ta da totuwa ba wlh, cin wuri gare ta, masara shida sun cinye wurin kaza guda, gashi in ta narke takan yi laushi ruwa-ruwa. Wannan tafasar kar a tsallake ta, ita ke hana ɗanɗano da launi canjawa.

Wajen sayen firizar kuma, mai tsaye ta fi kyan gani da sauƙin ciro kaya, amma kina buɗe ƙofa sanyin ya zubo ƙasa. Ta kwance mai murfi a sama sanyinta a ciki yake zama, ita na fi ba wa mai fama da Nepa shawara. Cikakkiyar firiza tana riƙe ƙanƙara kamar awa 48 in ba a buɗe ba, mai rabin kaya awa 24, don haka ki cike gurbin da gorunan ruwa. Ɗan akwatin ƙanƙarar saman ƙaramin firij kuwa kar ki dogara da shi na watanni, yau ya daskare gobe ya narke.

In unguwarku ana kwana uku babu wuta kuma ba sola ba janareto, ki sayi ta cin yau da gobe kawai. Masarar gida in ta ƙosa a shanya ta a yi tuwo, mai zaƙin nan kuwa yamushewa take in ta bushe.