Kwana biyu a ƙarƙashin shuɗiyar fitila

Kwanan ɗiyata uku a duniya na ga farin idonta ya soma komawa ruwan ɗorawa. Fatarta ba ta nuna komai ba, don baƙa ce kamar ni, sai da nas ta danna mata karan hanci ta ɗaga yatsa, ta kuma leƙa dasashinta. Ta ce, "Maman bebi, shawara ce, bari a ɗebi jini." Aka ɗan soke ta a diddige, kafin yamma an ba mu gado.

Likita ya ce kusan jarirai 6 cikin 10 na yin shawara a makonsu na farko, bakwaini ma 8 cikin 10. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke fashewa su bar wani sinadari, bilirubin, hantar jariri kuma ba ta yi ƙwarin kwashe shi da wuri ba. Namu ya haura ne don rukunin jinina O ne, nata B, ba su jitu ba. Aikin shuɗin hasken da za a sa ta a ƙarƙashinsa shi ne ya sauya wa sinadarin kama ta cikin fata, har ya bi fitsari da kashi ya fita ba tare da ya jira hanta ba. In aka bar shi ya yi ta hawa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ya jawo kurumta ko nakasa.

Aka tuɓe ta, daga ita sai ɗan kunzugu da ƙyallen rufe ido. Wannan ƙyallen kuwa shi ya hana ni barci. Da ta motsa sai ya zame ya sauko kan hanci, in yi wuf in gyara, in zauna, ya sake zamewa. Nas ɗaya ce tal da dare, ga gadaje cike, ban ga laifinta ba. Amma wanda ya ƙera abin nan ban ce ya taɓa riƙe jariri ba.

Babban ƙorafina fitilar farko ce, mai dogayen ƙwayaye. Awa 12 tana ƙarƙashinta, aka sake gwaji, lambar bilirubin ɗin ta tsaya cik. Ashe irin waɗannan ƙwayayen ƙarfinsu na raguwa in sun daɗe suna aiki, alhali ido na ganin suna ci lafiya lau. Sai da likitan safe ya zo ya sa aka kawo sabuwa mai LED, aka matso da ita kusa, aka kuma shimfiɗa mata wani ɗan faifai mai haske a bayanta. Washegari lambar ta sauko sosai. Da tun farko aka yi haka!

Ba wanda ya gaya min kashinta zai koma kore tsararo, sai da na kira nas a firgice ta yi dariya ta ce ai maganin ne ke aiki. Shayarwa kam sun matsa min, duk awa biyu zuwa uku, in ciro ta, in cire ƙyallen mu kalli juna, ta sha, in mayar.

A zaman daren nan na karanta a waya cewa wata nas, Jean Ward, ita ta fara lura da abin a asibitin Rochford na Ingila a 1956. Takan fitar da bakwaini su sha rana, sai aka ga jikin wani ya washe, in ban da inda mayafi ya rufe. Na nuna wa likita, na ce to me zai hana in shanya ta a gida? Ya ce a'a, rana na ƙona fatar jariri ta kuma zafafa jikinsa, ga shi ba a iya auna ta.

Ni dai na ba fitilar ta biyu maki 9 cikin 10, ƙyallen ido 3. Bayan an kashe hasken sun ce mu dawo washegari a sake gwaji, don wani lokaci lambar kan ɗan koma sama. Muka dawo, aka soki ɗayan diddigen, ba ta hau ba.