ext4 ko UBIFS: wa ke taɓa flash bayan an ce karatu kawai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace tsarin fayil da aka ɗora don karatu kawai, wato da `ro`, ya rubuta wani abu a kan flash, wato ma'adanar bayanai irin ta waya ko katin memori. Sai mun duba wa ke rubutun tukuna, da abin da ya sa shi.

Ɗauki ext4, tsarin fayil da aka saba amfani da shi a Linux. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, ka zo ka ɗora shi da `ro`, zai bi littafin ajiyarsa (journal), inda yake lissafa canje-canjen da zai yi, ya ƙarasa aikin da ya rage a kan na'urar. Ka hana shi, ya yi. Sai ka ƙara `noload` zai janye hannu, amma fa kana iya tarar da wasu fayiloli a birkice. Shi ya sa masu binciken shaida a faifai ke kulle na'urar kanta da `blockdev --setro`.

UBIFS kuwa, tsarin fayil na flash wanda Nokia da Jami'ar Szeged ta Hungary suka gina, ya shiga Linux 2.6.27 a 2008, ya fi ladabi. A `ro`, cikin RAM yake gyaransa, rubutun ya jira ranar da aka mayar da shi `rw`, wato karatu da rubutu. A ganina haka ya kamata kowane tsarin fayil ya yi.

Sai dai a ƙarƙashinsa akwai UBI, manhajar da ke kula da lafiyar flash ɗin kanta, shi ko ba ruwansa da `ro` ɗinka, kuma yana da gaskiya. NAND, nau'in flash ɗin da aka fi ɗora UBI a kai, ko karatu ma yana cin ta: yawan karanta shafi guda yana jirkita bayanan shafukan da ke maƙwabtaka da shi. ECC, wato lambobin gyaran kuskure da ake ajiyewa tare da bayanan, na gyarawa muddin kurakuran ba su yi yawa ba. Da UBI ya ga sun ɓullo, sai ya kwashe bayanan zuwa lafiyayyen wuri, ya goge tsohon. Ka hana shi wannan, rauta (na'urar rarraba intanet) da ta yi shekara da shekaru tana tashi daga wuri ɗaya wata rana za ta ƙi tashi. Ko SquashFS, tsarin fayil da ba ya rubutu sam, a kan UBI OpenWrt (Linux na rautoci) ke ɗora shi a yawancin rautoci masu NAND.

In eMMC (flash da ke manne a cikin na'ura) ko katin SD gare ka, maganar ma ba a hannunka take ba. Ƙaramar kwamfutar da ke cikinsu tana sauya wa bayanai wuri ba tare da ta gaya wa Linux ba.